Jinin Gidan Arcesio

A bakin kasuwar garinmu Yarumal suka fara haɗuwa, kuma da faɗa. Eliécer ya dawo motarsa ta madara ya tarar da wani dattijo zaune a gaba, sai ya yi dariya. Marleny ta iso tana haki, ta wanke shi tas, ta ce mahaifinta ne, Don Arcesio, ba abin dariyar kowa ba. Shi kuwa idanunta kawai yake kallo.

Ciwon mantuwa ke damun dattijon, mu nan bobera muke ce masa. A jini yake tafiya, tun mutum bai kai hamsin ba yake kama shi.

Soyayya ta yi ƙarfi, labari ya kai kunnen Doña Orlinda, uwar Eliécer. Ni maƙwabciyarta ce, ta katanga na ji komai. Ta rantse ba za ta yi renon jikokin da za su manta sunanta ba, ga 'yar mai shagon cuku lafiya lau tana jira. Ko arepa, wainar masara, da Marleny ta aiko, kaji ta watsa wa.

Eliécer ya ga kamar ya samo dabara, ya tura wa Marleny saƙo: "Sarauniyata, ki je a gwada jininki, hankalin Mama ya kwanta."

Amsa ta zo: "Ni ba saniya ba ce da za a duba haƙoranta kafin a saya. In ya fito da kyau ka aure ni, in bai fito ba fa? Kar ka sake kirana."

Ta toshe lambarsa. Na ce madalla.

Da haushinsa ya tafi asibiti a Medellín neman tabbas. Likita ta ce rabi da rabi ne ga 'ya'yan mai ciwon, kuma har yanzu ana binciken yadda garkuwar jiki ke share dattin ƙwaƙwalwa, har ciwon ke jinkirin kama wasu. Ta ƙara da cewa shi kansa ba wanda zai ba shi takardar lafiyar tsufansa.

Ya dawo ya sami uwarsa tana tankaɗe.

"Mama, da Baba ya kwanta ciwo shekara da shekaru, gudu kika yi?"

Ta jefe shi da ludayi.

Marleny ba ta buɗe masa ƙofa ba sai da ya yi ta sintiri. Ran da ta buɗe, reza ta miƙa masa, ta ce ya aske wa babanta, ya ga abin da yake nema. Dattijon ya tofa masa yawu, ya zage shi. Ya gama askin.

"In nawa ya zo, haka zan yi maka," ta ce.

"To sai ki tara yawun."

An ɗaura aure ba gwaji. Doña Orlinda ta zauna a bencin baya na coci, fuska murtuke, amma da farin lulluɓin da ta yi nata auren ta zo, ta ce a yafa wa amarya. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya bar musu sanin juna har tsufa.