Zane Mai Layi Tara

"Kin gani? Ya sake ɓacewa!"

Memunatu ce ta raɗa wa Hajiya Maltiti haka a tsakiyar gidan tarihi, inda malamar ajin manya na unguwar Tishigu ta kawo su kallon sana'ar gargajiya. Tsofaffi na ta tafi a gaban gangunan lunga, amma ita Maltiti zuciyarta tafasa take.

Yau ce ranar da ta yi wa Malam Sidiki masaƙi, ɗan ajinsu da ya ɓace, alkawarin amsa kan neman aurenta. Shekara arba'in baya ubanta ya kore shi, yanzu kuma 'ya'yanta ke cewa auren mai shekara sittin abin kunya ne. Ta shirya saɓa musu. To in tsohon nan wasa yake da ita, ina za ta sa fuskarta?

"Yana can wajen zanena," in ji Memunatu, doguwar bazawara mai baki kamar reza. "Ni ya saƙa wa tun muna 'yan mata. Ke dai ba ki san komai ba sam."

Maltiti ta ja sandarta ta bi shi.

Ga shi kuwa gaban wani tsohon zane baƙi mai ratsin ja, yana share ido da gefen rigarsa ta batakari!

"Malam... kukan wa kake yi?"

"Hajiyata, hasken idona..."

"Riƙe hasken naka! Na Memunatu ne?"

Ya kau da kai, ya mai da ido kan zanen. Abin ya soke ta har ƙashi. Kishi dai ba ya tsufa, wallahi ko haƙori bai zubar ba.

Sai ga mai kula da ɗakin ta iso da sauran ajin.

"Wannan zanen yana ba mu mamaki," ta ce. "Na mata layin saƙa goma sha biyu ake haɗawa, shi tara ne. Muna zaton masaƙin bai gama ba."

"Ya gama, Madam," Sidiki ya ce a hankali. "Ni na saƙa shi. Wadda na saƙa wa, na auna ta da ido a bakin famfo. Goma sha biyu zai ja mata ƙasa. Da aka kore ni, na sayar."

Idanu suka hau Memunatu, wadda sai ta sunkuya take shiga ƙofa, suka sauko kan Maltiti, wadda ko kafaɗarta ba ta kai ba.

Dariya ta ɓarke! Memunatu ta tuna tana da abin dubawa wajen tukwane.

Kunya da daɗi suka rufe Maltiti lokaci guda.

"Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Ina tsoron in ce miki gajera..."

Ta goge hawaye da bakin mayafi.

"Ranar Juma'a ka zo ka ga babban ɗana. In ya ƙi, ni ce uwarsa."