Kyaftin da Bai Taɓa Hawa Jirgi Ba

A makare ta shigo ajin, tana haki, ta tsaya a layin baya inda wani saurayi ya takure ya ja hula har goshi.

"Don Allah akwai mutum a nan?"

Ya ɗauke jakarsa ba tare da ya ɗago sosai ba. Duk da haka ya ga idanun, ya kuma ga ɗan murmushin da ta yi masa na godiya.

Ranar ce aka fara darasin ilimin teku na sababbin ɗalibai, amma shi ba sabo ba ne. Ilimin duwatsu yake karantawa, kuma bara ma ya zauna a ajin nan. Ya ci jarrabawar takarda, sai dai ranar fita aikin teku, da ya taka katakon gadar shiga jirgi ya ga ruwa yana motsi a ƙarƙashinsa, ƙafafunsa suka ƙi. Tun yana yaro da ya kusa nutsewa a tafki ba ya shiri da ruwa. Ya cire rigar ceto ya juya gida, kowa yana kallo. Daga ranar 'yan tsokana suka laƙaba masa Kyaftin. Darasin kuwa dole ne, in babu shi babu digiri.

Ana tashi wani tsohon ɗan ajinsu ya leƙo ta taga. "Kyaftin, an dawo ke nan?"

Ta juyo da sauri. "Kyaftin? Na jirgin ruwa?"

A nan ya kamata ya faɗi gaskiya. Sai ya yi murmushi kawai.

Auta ake kiranta a gida, shi ma haka ya riƙe. A ƙarƙashin bishiyar bayan laburare yake mata bitar karatu, yadda watan sama ke jan teku ya cika ya janye, da dalilin da ruwan ƙasa ya fi na sama sanyi. Tana saurare, tagumi a hannu, wani lokacin ba karatun take ji ba. Ba a jima ba bita ta koma hira.

Wata rana ta turo saƙo: "Kyaftin ɗina, yau Malam ya ce akwai duwatsu a ƙasan teku masu tsawon gaske. Ka taɓa bi ta kansu?"

Ya rubuta mata komai, ya karanta, ya goge. Ya tura: "Daga sama ba a ganinsu, Autata. Kin ci abinci?"

Abincin da shi bai iya ci ba ke nan ranar.

Da magana ta yi nisa, ta ce ya zo ya gaida iyayenta. Ya sa kayansa masu kyau, ya yi sallama, ya durƙusa a falo. Da ya ɗaga kai sai ya ga Malam, mai koyar da darasin, zaune da jarida. Ashe shi ya hana ta faɗa a makaranta cewa 'yarsa ce.

"Abba, shi ne matuƙin jirgin da nake ba ka labari."

Malam ya cire tabarau a hankali. "Kai za ka gaya mata, ko ni?"

Gumi ya jiƙe masa riga. Ya faɗi komai, idonsa a kan kafet, har da rigar ceton da ya bari a kan gada. Auta ta ajiye tiren ruwa ta shige ciki.

"Tsoro ba ya damuna," in ji Malam. "Amma 'yata ba za ta zauna da wanda ya bar ta cikin duhu don kada ya ji kunya ba. Ka gaida gida."

Daga nan ta koma layin gaba. Shugaban aji, wanda dama yake ta kewaye-kewaye, ya fara riƙe mata kujera. Shi kuwa ko harabar makaranta zai ratsa, ji yake kamar kowa ya sani.

Ya tura mata: "Ban da hujja. Na ji daɗin yadda kike kallona ne, na ji tsoron ki daina. Ki yafe mini ko da ba za ki dawo ba."

Sai ana gobe fita teku amsa ta zo: "Na yi ta cika baki da kai a gaban ƙawayena, kana ji ka yi shiru. Ni ka kunyata. Gobe zan ga ko za ka zo."

Ya zo. A bakin gada ya sake tsayawa cak, ɗalibai suna kallo. Ya dubi Malam.

"Malam, tsoro nake ji."

"Na sani. Shigo da shi."

Kusan da rarrafe ya shiga. Jirgi bai yi nisa ba ya fara amai, shugaban aji yana dariya. Amma da layi ya zo kansa, ya miƙe yana tangaɗi, ya zura kwalbar ɗiban ruwa, ya jawo ta cike da hannunsa.

Auta ce ta miƙo masa hankici. "Ka zubar mini da mutunci, yanzu kuma ka ɓata mini takalmi."

"Zan wanke, Autata."

"Ai dole," ta ce, ta kawar da kai don kada ya ga tana murmushi.

Malam bai sauko nan da nan ba. Sai da ya ga sakamakon jarrabawa, ya ga yaron yana zuwa gaisuwa kai tsaye ba ɓoye-ɓoye, sannan wata rana a ofis ya ce masa, "Ka turo manyanka."

Bayan ya karɓi digirinsa aka ɗaura aure. Da za su tafi, Malam ya zaunar da su a falon nan.

"Ga ta nan, ɗana. Duk abin da ya yi maka nauyi, ita za ka fara gaya wa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Suka amsa da amin, Auta tana share ido da gefen mayafi.