Harshen Iya Tabawa

Maƙeriya ta yi gurnani, ta tsiyayo ruwa rawaya cikin mazubi, iska mai sanyi ta daskarar da shi, sai ga mangwaro a faranti, yankakke. Haka injin nan yake ciyar da Birnin Rumfa tun da fari ya cinye itatuwan arewa. Garin rogo ake zuba mata da sinadari, ita kuma ta ƙera abarba, gwanda ko ayaba, bisa kwatancen da aka ɗauko daga bakin tsofaffi. Yaran birnin ba su taɓa ganin 'ya'yan itace a reshe ba.

Lambu ɗaya ya rage, can kudu, wanda birnin yake aika wa ruwa ta bututu. Yanzu majalisa ta ce ɓarna ce. In har tsohuwar da ta girma a gindin mangwaro ta kasa bambance na lambu da na inji, za a rufe bututun.

Shi ya sa aka zaunar da Iya Tabawa a gaban faranti biyu. Duk birnin ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka taɓa hawa reshe. 

"Ɗan nan," ta ce da Injiniya Sambo, mai kula da Maƙeriya, "wa ya ce maka haka ake shan mangwaro? Ba ni shi ɗungurungum, in mulmula shi, in huda kan, in tsotsa."

"Iya, ai da kin ji ƙwallo a hannu kin gane. Harshe muke gwadawa."

"Kun dai san abin da kuke tsoro."

Jikarta Kulu ta raɗa mata, "Tsohuwa, ki nutsu. Ke fa kika ishe mu da labari, yau ga ki ga shi."

"Rufe min baki, 'yar rogo."

Ta kai na farko baki. Tsami, ga zare yana maƙale mata a dasashi, ga wani bauri a ƙarshe. Ta yamutsa fuska. Ta ɗauki na biyu. Wayyo! Zaƙi ya gangara har maƙogwaro. Ta ga gidansu, ta ga yayanta a sama yana jijjiga reshe, ita tana tarewa da zane, ruwan yana bin gwiwar hannunta. Hawaye ya zubo mata.

Wani abu a ranta ya ce ta dakata. To amma wa zai ƙaryata ƙuruciyarsa?

"Wannan ne," ta ce. "Wallahi wannan ne namu. Wancan kun sa masa zare ne don ku ruɗe ni."

Sambo bai yi murna ba. Ya sunkuyar da kai.

"Iya, na inji kika zaɓa. Daga bakinku muka ƙera shi. Yadda kuka ce yake, haka muka yi shi."

"A sake! Don Allah a sake, bakina ne ya tsufa!"

Amma shugaban majalisa ya riga ya danna maɓalli. Shuɗin layin da ke kan allon bango, mai nuna ruwan kudu, ya dushe.

Iya Tabawa ta jawo farantin farko da hannu biyu, ta shiga cusa sauran a baki, tsamin yana sa ta runtse ido. Kulu ta miƙa hannu, ta ɗauki yanka ɗaya ta ɗanɗana, ta tofar.

"Iya," ta ce a hankali, "wannan kike wa kuka?"