Ciyawar Anti Juliana

Wata yarinya ce da ba ta daɗe da zuwa London daga Kano ba. Tana zaune da iyayenta a wani dogon bene a Croydon. Yarinyar akwai tsabta, akwai kuma karambani.

Duk benen ba ta da kowa sai maƙwabciyarsu, Anti Juliana 'yar Jos. Wurinta take zama in an taso daga makaranta.

A bayan benen akwai ɗan fili. Ciyawa ta cika shi har ƙugu, ga furanni barkatai. Duk sanda yarinyar ta leƙa taga sai ranta ya ɓaci. A gidan kakarta, ciyawa a ƙofar gida abin kunya ce, kuma maɓoyar maciji.

Ranar Asabar ta ɗauko babban almakashin Babanta. Ba ta tambayi kowa ba. Ta yi ta datsa har hannunta ya yi kanta. Sannan ta tsaya tana jiran yabo.

Sai ga Anti Juliana ta dawo daga aiki. Ta tsaya cak.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Ni ce, Anti. Gyara muku na yi."

"Gyara? Wa ya sa ki?" Anti ta daka mata tsawa. "Shekara nawa ina roƙon council, hukumar unguwar nan, su bar mana filin nan! Ciyawar ƙasar nan ce ta asali. Nan ƙudan zuma ke cin abinci. Sai ƙarshen summer, lokacin zafi, ake yanka ta, in irinta ya bushe ya zuba. Ke kin yanke ta da furenta! Kada ki ƙara tako min gida."

Yarinyar ta haye sama tana huci, ta buga ƙofa.

"Mama, a kan ciyawa fa take min ihu! Ciyawa!"

"Rufe min baki," in ji Mama. "Kin tuna gambar da ke bakin gonar kakanki? Da aka nome ta, ruwan sama ya kwashe rabin gonar. Saiwar ciyawa ce ke riƙe ƙasa. Garin neman gira kin rasa ido."

Yarinyar ta yi kwana da kwanaki tana gaida Anti, Anti ba ta amsawa. Abin ya dame ta ƙwarai, ko abincin kirki ba ta ci.

Ran nan dai ta daure ta ƙwanƙwasa ƙofar.

"Anti, ki yi haƙuri. Ban sani ba ne, kuma ban tambaya ba."

Anti ta harare ta. "Tuge su kika yi, ko yankewa?"

"Yankewa."

"To, Allah ya so ki. Saiwar tana nan a ƙasa, ba ta mutu ba. Amma sai kin yi aiki."

Aiki kuwa ta sha shi. Da sanyi ya matso, suka kwashe busasshiyar ciyawa, suka watsa sabon iri. Tana yi, Anti na mita.

Da shekara ta zagayo, filin ya sake cika da furanni. Yarinyar ce ta fara ganin ƙudan zuma, ta ruga tana kiran Anti. Anti ta fito, ta duba, ta rungume ta.

Tun daga nan, in ta ga abin da ba ta gane ba, sai ta tambaya kafin ta sa hannu. Ta kuma san ba kowace ciyawa ce shara ba.