Ɗakin da Baba Ya Gina

Yammacin ya fara kamar kowane yammaci. Inna na kwashe shanya, Auta na wanke tukunya a bakin famfo, yayanta kuma na zaune a ƙofar ɗakin mahaifinsu, inda ya mai da wurin zama tun da aka kai tsohon makwancinsa.

Ɗaki ne na dutse a kusurwar gidan. Marigayin ya ƙare ƙarfinsa yana fasa tsauni a kamfanin wani attajiri, cikin waɗanda rediyo ke jerowa in ana zancen masu kuɗin ƙasa: wane da mai, wane da jiragen ruwa, shi kuma da dutse. Guntayen da aka zubar su tsohon ke kwasowa a buhu bayan tashi daga aiki, har suka zama bango. Ƙurar wurin ce ta cinye masa ƙirji.

Rana ta yi ja, kaji suka shige akurki. Sai dutse ya sauko tsakar gida, a hankali, kamar an ajiye shi. Yayan ya leƙa waje, layin shiru. Da ya dawo sai ya ga rami a bangon ɗakin, daidai girman dutsen.

Haka aka ci gaba duk magariba. Daga baya Auta ta daina cin abinci. Sai ta wuni manne da bangon, tana nishi irin na tsofaffi. Da wuyanta ya fara ramewa, Inna ta aika a kira malam.

Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya yi ta karatu har inuwa ta rufe gidan. Can Auta ta ɗago kai, muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Malam, sassauta. Ƙarar da na sha ta ishe ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tsohuwar cikin tsauni ce. Yarinya ba ta yi min komai ba, jikinta ne da ɗumi."

"Ubanta ɗan ƙwadago ne. Mai tsaunin yana nan da ransa, me ya hana ki je can?"

Ta yi 'yar dariya mai gajiya. "Na je. Gida na farko, karnuka da masu gadi. Wani gidan fitila ba ta mutuwa, magariba ba ta samun hanyar shiga. Na jira shi a gadon da ba a taɓa kwanciya a kai ba. Mutumin a jirgin sama yake barci, Malam. Wa zan tsorata, mai goge-goge?"

Ta ci gaba:

"Rabin gidana ya zama titi, motoci na bi ta inda na haifi 'ya'yana. Rabi an goge shi an shimfiɗa a banɗakin manya. Abin da ba a sayar ba, shi ne bangon nan."

"To ki koma bangon, ki saki yarinya."

"Na gwada. Wancan," ta nuna yayan da haɓa, "kullum yana jingine a nan. Ba ya kuka a fili, cikin dutse yake sauke shi. Ba na runtsawa. A kai min kayana bayan gari, inda babu mai saye."

Yayan ya dafa bangon. "Ki bar mana ko dokin ƙofa, Iya. Ɗakin nan kaɗai Baba ya bari."

"Ka riƙe nawa, in riƙe naka, ɗana."

Ya dubi Inna. Ita Auta take kallo, tana share mata gumi da bakin mayafi.

"Na yarda," ya ce.

Malam ya sa ta rantse. Ta rantse, ta yi sallama kamar baƙuwar da ta daɗe a zaune. Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin Inna.

Da safe ya aro baro, ya ɗauko gudumar tsohon. Simintin ya yi taurin kai. Marigayin bai iya aikin wasa ba. Hantsi ya dubi ludayi, bango ɗaya na ƙasa, lokacin da Auta ta fito tana dafa ƙyaure.

"Yaya, wa ya ce ka rushe ɗakin Baba?"

Bai juyo ba. "Kin ci abinci?"

"Na ci. Har ƙari na yi."

Ya goge fuskarsa da hannun riga. "To riƙe min baron nan, kar ya kife."