Batura Arba'in na Siton Makarfi

Da safiyar Litinin Malama Zulaihatu ta buɗe siton hukumar gwaji da ke Makarfi, ta tarar da shi wayam. Batura arba'in na sola da ta bari a ciki ranar Alhamis sun ɓace, kuma kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau.

Sufeto Uwaisu ya same ta tsaye a bakin ƙofar.

"Yallaɓai, ni na gwada su," ta ce. "Darmar ciki gauraye take da wata guba da ta wuce ƙa'ida, ga su suna yoyo. Duk gidan da aka fasa su, yara ne za su fara tafiya."

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Nawa da na maigadi."

Ya fara da Alhaji Salman na Ikara, mai kayan da aka kama.

"Kai ka aiko a kwashe?"

"Haba Sufeto! Su ne shaidata a kan kamfanin da ya zambace ni. In sun ɓace, da me zan je kotu?"

Hamisu direba, wanda ya kawo su, yana Kano tun Alhamis, motarsa na gareji. 'Yan tasha sun tabbatar.

Saura Ashafa maigadi, dattijo mai kamala, sanye da farar shadda mai guga.

"Baba, yaushe ka bar ƙofar nan?"

"Sallar Juma'a kawai, ranka ya daɗe. Ƙila a lokacin ne."

Suna cikin haka waya ta shigo daga Kudan. Wani makiyayi, Bobbo, ya kai ƙara: maruƙansa uku sun makance sun mutu a wani kwazazzabo kusa da Likoro.

Uwaisu da Zulaihatu suka iske shi a can ya dafe kai.

"Lasa suka yi ta yi kamar sun sami kanwa," in ji Bobbo. "Na kora, su dawo. Daga nan sai cizon haƙora."

Fasassun ƙoƙunan batir ne zube, ƙasar wurin ta ƙone. Zulaihatu ta ƙirga sha biyu, duk an ƙwaƙule darmarsu.

"An kai gida narkarwa," ta ce.

"Gonar wa ce nan sama?" Uwaisu ya tambaya.

"Ta Ashafa, mai gadi a Makarfi."

Ba su koma ofis ba. Gidan Ashafa na Likoro suka nufa, Uwaisu ya yi sallama, matarsa Rahmatu ta ba su izini. Bai dubi ɗakuna ba, igiyar shanya ya duba. Riga da wandon gadi na rataye, duk ƙananan huji kamar gara ta ci. A bayan rumbu, ƙarƙashin karan dawa, ga sauran ashirin da takwas.

Aka kawo Ashafa da ankwa a hannu, Uwaisu ya ɗaga masa wandon.

"Ba a fasa kwaɗo ba, to mai mabuɗi ne. Maigadi ba ya zuwa aiki da shaddar Juma'a ranar Litinin, sai in kayan aikinsa sun lalace. Ruwan batir yana cin tufa, sai an wanke hujin ya fito. Gonarka kuma ita ce bisa kwazazzabon."

Ashafa ya sunkuyar da kai. "Na ji za a zubar da su ne. Na ce maƙera na sayen darma, me ya sa za a yi asara?"

Mutum ne da aka ba amana ya ci, kuma ya ci ta da jahilci. An faɗa masa guba ce, ya ga ya fi masu gwaji sani.

Zulaihatu ba ta saurare shi ba. Yara huɗu take kallo, suna wasa a gindin murhu, ƙafafunsu furu-furu da toka.

"Innar yara, a cikin me ya narka darmar?"

"Tsohuwar tukunyata ta ƙarfe."

"Tana ina?"

Rahmatu ta dubi mijinta, ta dubi murhu.

"Na wanke ta tas da toka, wallahi. A ciki na dama musu kunu, jiya da yau."

Uwaisu ya saki wandon, ya sunkuci ƙaramar yarinyar.

"Maza, a motarmu! Ku kwaso su duka, asibiti!"

Ashafa ya yunƙura zai bi su, ankwa ta riƙe shi.