Ɗan Mai Likkafani

"Ɗan Mai Likkahwani? Shi za ki kawo mani gida, Nasiba?"

Hajiya Saude ta faɗa tana tsinke zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Inna, fim ne hwa... wasa ne sunka yi."

"Wasa da likkahwani? Mutum da ranshi shi kwanta makara a naɗe shi don a nuna ga tele? Tir. In kin nace sai Sadiƙu, to ki aure shi. Amma uban nan nashi kar shi tako ƙohwar gidana ran ɗaurin aure."

Nasiba ta sunkuyar da kai, don in dai tsoron mutumin nan ne, duk Konni babu wanda ya kai ta.

Tana 'yar shekara bakwai aka nuna fim ɗin. Hajiyar nan mai tir a yau, ita da kanta ta fito da tele tsakar gida, ta aika aka kira maƙwabta, har da rabon gyaɗa. Labarin wani manomi ne da 'yan uwansa suka kashe saboda gona, ya taso cikin likkafani, fuska fari fat, yana bin ƙofofinsu yana kiran sunayensu a hankali. Da ya juyo ya kalli masu kallo, Nasiba ta jiƙa zanenta a zaune. Mata suka yi ta dariya, Hajiya ta fi kowa. Shekara uku yarinyar ba ta iya wuce farin ƙyalle a kan igiyar shanya.

Wanda ya fito a gawar kuwa, Malam Hamani ne, lebura mai lodin siminti a Malbaza. Mutane suka kalla sau uku suka more, sannan suka tuna su masu tsoron Allah ne. Suka laƙaba masa suna, suka riƙa janye jiki daga kusa da shi a sahun jana'iza. Haka mutanenmu suke.

Da la'asar Sadiƙu ya zo zance, riga a goge, turare na tashi, kamar yadda ya dace da malamin lakwal, wato makarantar boko. Nasiba ta faɗa masa sharaɗin Hajiya, tana jiran ya miƙe a fusace.

Ajiyar zuciya ya yi, har da murmushi.

"Shi ke nan? Haba farin cikina, ai wanga mai sauƙi ne. Na riga na yi magana da Baba, garin Bazaga za shi tahi ran nan. Kawu Kamalu shi amshi auren."

"Ka riga ka yi magana da shi..."

"Nasibata, ba ki san abin da nis sha ba. Tun ina lakwal, in anka tambaye ni, cewa nike ƙanen babana ne. Kuma na hwaɗa mashi ke ma tsoronshi kike."

Ta dube shi tun daga takalmi har hula. Shekara biyu tana son mutumin nan kamar ranta, yau kuwa sai ta ga ya ƙanƙance. Wato da tsoronta ma ya fake.

"Ni ina shekara bakwai nij ji tsoronshi, Sadiƙu. Kai hwa, shekarunka nawa?"

Ta shige gida ba ta jira amsa ba.

Washegari ta yi abin da ba a yi. Budurwa ba ta zuwa wurin surukinta, amma ta hau mota zuwa Malbaza, ta tambayi rumfar Malam Hamani. Mai kabu-kabun da ya kai ta ya taɓe baki, ya sauke ta nesa kaɗan.

Wani tsoho ne siriri zaune a kan tabarma, yana ɗinke tsofaffin buhunan siminti. Ya ɗago kai. Idanun nan ne, ba su sake ba.

Ta durƙusa. "Ina wuni, Baba. Ni ce Nasiba... ta Konni."

Allurar ta faɗi daga hannunsa. Da sauri ya ja jelar rawaninsa ya rufe fuska, ya juya gefe.

"Ɗiyata, mi yak kawo ki? Yi haƙuri, ban san kina tahe ba, da na kauce."

Abin da ya karya mata zuciya ke nan. Dodon da ya hana ta sukuni shekara uku, shi ne yake ɓoye fuska don kada ta firgita.

"Baba, don Allah ka buɗe."

Ya daɗe kafin ya sauke rawanin. Fuskar tsoho ce kawai, da furfura da giɓi.

"Hwarin nan na cikin fim... mi sunka shahwa maka?"

"Ba su shahwa komi ba." Ya ɗan yi dariya. "Ƙurar siminti ce. Na taso aiki haka, masu fim daga Yamai sunka gan ni bakin hanya sunka ce na dace."

"To don mi ka yarda?"

"Sadiƙu shina ƙarami lokacin. Yara na yi mashi gori ubanshi lebura ne. Nic ce bari shi ga babanshi ga tele, shi ma shi samu abin hwahari." Ya ɗauki allurarsa yana lalubar zare. "Ashe ban iya ba. Kar ki damu, ɗiyata, Bazaga ba nisa. Ku dai Allah shi ba ku zaman lahiya."

Nasiba ta yi kuka a gaban rumfar nan, ba ta damu da masu wucewa ba.

Da ta dawo Konni ta kira Sadiƙu a waya, a gaban Hajiya, don kowa ya ji nasa. Ta maimaita maganar tsohon kalma bayan kalma.

"In Baba bai zamna ƙohwar gidanga ba, babu aure. Ina sonka, Allah shina gani, amma ba ni auren mai ɓoye ubanshi. Ke kuma Inna, ke kika hito da tele. Har gyaɗa kika raba."

Nasiba ta kashe wayar. Daga ran nan Hajiya ba ta sake tayar da sharaɗinta ba.

Kwana tara Sadiƙu bai zo ba, bai kira ba. Nasiba ta rame, amma ba ta neme shi ba.

Ran ɗaurin aure da hantsi, tana leƙe ta tagar zaure, lalle a hannu, ba ta san ko amarya ce ita ko abin dariya ba. Sai ga su. Malam Hamani cikin shuɗiyar riga, fuska a buɗe, Sadiƙu a bayansa riƙe da takalmansa.

Maza suka fara muskutawa a kan tabarma, manya da gemunsu, kowa yana jan rigarsa. Wani ya ce ƙasa-ƙasa, "A'a, Mai Likkahwani ne?"

Sadiƙu ya zaunar da tsohon a tsakiya, ya zauna gwiwa da gwiwa da shi. Ya ɗaga murya, har cikin gida an ji.

"Malam Hamani ne sunanshi. Babana ne."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ja jelar rawani. Wannan karon idanunsa ya share.